Mai Fentin Da Ya Zana Tafiyar Yayansa

Kafin motar farko ta cika, Mai Fenti ya riga ya zauna a bencin da ke jikin katangar tasha, tsakanin teburin mai shayi da rumfar masu yankar tikiti. Kayan aikinsa ba su da yawa: guntun falanki da yake ɗorawa a cinya, fararen takardu, da fensir da ya fiƙe da reza tun daga gida. Ba ya kiran kowa, ba ya sayar da komai. Yakan karɓi shayinsa ya ajiye a ƙasa kusa da ƙafarsa, yawanci kuma sai ya huce sarai kafin ya tuna da shi. Daga nan sai kallo. Matar da ta zauna a kan buhunta tana gyangyaɗi, ɗan dako da ya sunkuya zai cicciɓi kaya, direban da ya jingina da ƙofar mota yana sakace, duk wanda ya ɗan tsaya wuri ɗaya ya shiga takarda. In ya gama sai ya nuna wa mai shi. Wanda ya so ya tafi da ita, wanda ya ɓata rai kuma a yage ta a gabansa, a ba shi haƙuri. In rana ta cimma bencin sai ya tattara ya koma layin jiran likita, ko wurin masu jiran niƙa, duk inda dai mutane ke jira, domin a cewarsa mai jira ne kaɗai ke mantawa da yadda yake zaune.

A watan da ya wuce ya rufe shagonsa na rubutun alluna. Gwiwa ta ƙi hawa tsani, hannu kuma ya fara rawa in ya daɗe a sama. Ya raba burushi da gwangwanayen fenti ga waɗanda suka koyi aiki a wurinsa, ya mayar wa mai shago makulli, ya dawo benci. Babu taro, babu jawabi. Wannan rubutu shi ne ɗan abin da ya samu.

Waɗanda suka san shi a benci suna da abin faɗa. Akwai matar wani tela da mijinta ya rasu bai bar hoto ba sai na katin shaida, wanda ya fito a ciki kamar an tsorata shi. Ta ce da zai zana mata shi, Mai Fenti bai tambaye ta hanci ko ido ba. Tambayarta ya yi yadda marigayin yake zama a kan keke, da inda yake rataye tef ɗin awo, da ko yana cire takalmi in zai taka feda. Zanen yana ɗakinta, jikokinta kuma sun san kakansu da shi. Akwai mai gadin makaranta da ƙanensa kurma ya ɓata a kasuwa, aka gano shi da zanen da Mai Fenti ya yi daga bayanin 'yan gida. Akwai kuma kwandastoci biyu da suka fara da yi masa tsiya, yau in mota ba ta cika ba za ka gan su da biro suna ɓata bayan kwalin sigari.

Amma duk wannan daga baya ne. Abin da ya fara zaunar da shi a bencin nan ɓatan Yayansa ne, kuma sai an san irin mai zanen da yake kafin nan za a gane abin da ɓatan ya yi masa.

Shekaru masu yawa Mai Fenti ne mai allunan unguwa da kewaye. Masu aski ne suka fara ba shi aiki, kuma mai aski ba ruwansa da fuska, layin gashi yake saye. Saboda haka hannunsa ya koyi farawa daga goshi: ya ja layin aski, ya zagayo kunne, ya sauko haɓa, ya sa murmushi, ya rufe da kwalar riga. Fuska ɗaya ce, ta wani saurayi mai santsin kumatu da bai taɓa jin yunwa ba. Mutane suka sa masa suna Ango. Ango ya yi aski iri-iri a jikin bango, Ango ya riƙe kwalbar magani a ƙofar kemis, Ango ya rungumi taya a wurin mai faci. A shagon kitso ma Ango ne, an dai ɗaura masa ɗankwali an ƙara masa gashin ido. Babu wanda ya taɓa ƙorafi. Aikin yana da tsabta, fentin ba ya koɗewa da wuri, kuma Mai Fenti yakan iya zana Ango yana hira, idonsa a kan wanda yake yi wa magana. Yana alfahari da wannan.

Yaya kuwa mai gyaran rediyo ne, shi ya riƙe Mai Fenti tun yana yaro, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya tsaya masa a wurin aure. Da tsufa ya zo sai mantuwa ta biyo. Da farko sunayen jikoki ne, daga baya hanyar gida. 'Yarsa, malamar makaranta, ita ke kula da shi. Wata safiya ta shiga wanka, ta fito ta tarar da kofin shayinsa a kan tabarma da ƙofa a buɗe. Ya fita da sukundireba a aljihu, ya tafi aikin da ya bari tun tuni.

Aka nema a unguwa, aka nema a asibitoci, aka kai rahoto inda ake kaiwa. Ko'ina tambaya ɗaya ce, ina hotonsa. Yaya kuwa mutum ne da ba ya son hoto. In an ɗaga waya sai ya ɗaga tafin hannu, don haka wayar 'yarsa cike take da hotunan tafin hannu. Hoto ɗaya da ke gidan na ƙuruciya ne, da suma har kunne. Sai dangi suka juyo ga Mai Fenti, suka ce ga mai zane a gida, me ake jira.

Bai yi gardama ba, bai ma ga abin gardama ba. Ya zauna, ya ja layin goshi, ya zagayo kunne, ya ƙara furfura da tamoji, ya gama kafin ruwan zafi ya tafasa. 'Yar Yaya ta karɓa ta duba. Ta daɗe tana dubawa.

"Baffa," ta ce, "wannan ai Ango ne."

Ya ce mata tashin hankali ne ya hana ta gani. Tun da babu wani, aka buga zanen aka manna a bangaye da lambar wayarta a ƙasa. Waya ta yi ta shigowa. Wannan ya ce kamar ya san fuskar, wancan ya ce ya rantse ya gan ta kwanan nan, sai dai ya kasa tuna inda. Gaskiya suke faɗa, sun gan ta. Wani bawan Allah ya kira da zumuɗi, aka bi kwatancensa, kwatancen ya kai su ƙofar kemis. Abin ya isa dariya, amma kwanaki sun tafi a haka, tsoho kuma yana wani wuri ba tare da maganinsa ba.

Mai Fenti ya ɗauki sauran takardun ya tafi tasha yana nuna wa matafiya. Suna dubawa, su ce Allah ya bayyana, su wuce. Da ƙafa ta gaji sai ya zauna a bencin nan. Wata mata tana zaune a gabansa a kan buhu, ta tallabe kumatu. Don ya huce takaici, kuma don ya nuna wa kansa cewa yarinyar nan ba ta san me take faɗa ba, ya juya bayan takarda ya zana matar. Da ya ɗago falankin sai ga Ango a kan buhu.

Ya sake, wannan karon yana lura da hannunsa. Ya ga hannun ba ya tambayar ido komai. Da zarar fensir ya taɓa takarda sai ya nufi goshi ya kama hanyar da ya sani, mace ce a gaba ko namiji, tsoho ko yaro. Daga nan ya gwada wani abu da ya fi wannan ciwo. Ya rufe ido ya nemi fuskar Yaya. Ya san muryarsa, ya san tarinsa, ya san ƙamshin dalmar da ke jikin rigarsa. Fuskar kuwa ta ƙi tsayawa. Mutumin da suka ci abinci a kwano ɗaya tun yana yaro, ya gano cewa bai taɓa tsayawa ya dube shi ba. Kunya ta kama shi a wurin, irin wadda ba ta da mai shaida sai mai ita.

Washegari ya dawo da farar takarda da doka ɗaya da ya kafa wa kansa: ba zai ƙara taɓa kai ba. Daga ƙafa zai fara. Nan ya tarar bai san yadda ƙafa take taka ƙasa ba, domin a duk shekarun nan aikinsa a kwala yake ƙarewa, in ya yi nisa ya kai ƙirji. Bai san cewa mutum in ya tsaya ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da shi ɗayar tana hutawa ba. Bai san cewa ƙugu yana karkata wajen mai ɗaukar nauyin ba, kafaɗa kuma ta karkata ɗaya gefen. Zane-zanen farko sun yi muni ƙwarai. Kwandastoci suka leƙa suka ce Mai Fenti ya koma aji ɗaya, wani ya tambaye shi ko ƙafar mutum ce wannan ko ta tebur. Ya ce ta mutum ce, amma teburin ma zai zo kansa.

A gida ba a ɗauki abin da wasa ba. Da rana yakan bi sahun masu nema, ya shiga unguwannin da ba a shiga ba, amma safiyarsa ta benci ce. Matarsa ta kawo masa maganar da ake yi, cewa mutumin da ya raine shi ya ɓata, shi kuma yana tasha yana zanen ƙafafun mutane. 'Yar Yaya ta rage gaisuwarta zuwa abin da ba za a ce ba ta gaishe shi ba. Suna da hujja. Abin da ya sani kawai shi ne takardar da ke bangaye ba za ta dawo da kowa ba, kuma shi ya zana ta.

Makonni suka shige. Daga ƙafa ya hau gwiwa, daga gwiwa ya hau baya. Ya fi son zana mutane ta baya, domin ba sa gyara tsayuwa, kuma babu fuskar da za ta ja hannunsa zuwa tsohuwar hanya. Ya koyi ajiye ido a kan mutum ya bar fensir ya biyo a hankali, ba ya duba takarda sai ya kai ƙarshen layi. Ya fara gane mai ɗaukar ruwa daga wuyansa, da direban babbar mota daga yadda ƙugunsa yake in yana saukowa.

Wata safiya yana zana wani dattijo da ke tsaye yana jiran canji. Da ya duba takarda sai ya ga ya haɗa hannayen mutumin a baya, na hagu ya riƙe wuyan na dama. Ya ɗago ido. Hannayen dattijon suna gefensa, ɗaya ma riƙe da leda. Ya sake duba takardar, sai ya gane hannayen. Haka Yaya yake tafiya tun Mai Fenti yana bin bayansa zuwa shago. Ashe ido ya ajiye, hannu ne bai iya karɓa ba.

Sauran kamannin Yaya suka zo ɗaya bayan ɗaya. Ya ga wani bakanike ya kara kunne a jikin inji, sai ya tuna cewa kan Yaya a karkace yake hagu, irin na wanda ya shekara yana sauraron tashar da ba ta kamawa sosai, kuma ko a hanya bai daina karkatar da shi ba. Ya tuna kafaɗar dama da ta fi sauka. Da ya haɗa su a takarda ɗaya sai ya tafi gidan 'yar Yaya, ya yi sallama, ya miƙa mata ba tare da bayani ba.

Wani tsoho ne ta baya, yana tafiya, babu fuska ko kaɗan. Ta duba, ta zauna a bakin kujera.

"Takalmin ne ba daidai ba," ta ce. "Baba take bayan takalmi yake yi. Na yi faɗa har na gaji."

Ya goge, ya gyara. Ta ce wuyan rigar ta baya yakan tsaya, ba ya kwanciya. Ya gyara. Ta ce aljihun dama ya fi nauyi, saboda sukundireba. Haka suka yi ta yi, ita tana tunawa shi yana ja, har ta rufe baki da gyale. Ita da kanta ta kai aka buga, ita ta bi bangaye tana ɓalle na farko.

Wasu sun ce wannan wace irin cigiya ce, mutum babu fuska. Amma tsohon da ke wucewa a hanya ba kasafai ake duba fuskarsa ba, tafiyarsa ake gani. Ba a daɗe ba wani direba ya tsaya a gaban takardar da ke jikin rumfar tikiti da kofin shayi a hannu. Ya ce wannan tsohon ai ya san shi. A garin da yake juyowa, kusa da inda yake ajiye mota, akwai shagon gyaran kayan wuta, kuma kullum da hantsi tsohon nan yakan ratsa titi a haka, hannu a baya, kai a karkace. Ya ɗauka baban mai shagon ne.

Suka bi motarsa, Mai Fenti da 'yar Yaya. Mai shagon ya ce tsohon ya zo ne wata rana ya zauna a bakin benci, ya nemi a miƙo masa ƙarfen dalma kamar wanda ya saba da wurin. Ba ya iya faɗin sunansa ko inda ya fito. Sun kai rahoto, ba wanda ya zo. Sai suka riƙa ba shi abinci da matattun rediyoyi yana buɗewa, yana kwana a ɗakin mai gadi. Hannunsa yana rawa, ba ya gyara komai, amma ba ya ɓatar da ko ƙusa ɗaya.

Yaya yana zaune a ƙarshen bencin, ya rame, an yi masa aski. 'Yarsa ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa tana kuka, ya dafa kanta kamar yadda ake dafa 'yar maƙwabta. Da Mai Fenti ya matso ya gaishe shi, sai ya amsa da ladabi, ya duba hannunsa ya tambaye shi ina rediyon. Mai Fenti ba shi da rediyo. Takardar cigiyar ce a hannunsa, don haka ita ya miƙa.

Yaya ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya sake kawowa. Fuskarsa ta saki.

"Ina ka samo Baba?" ya ce. "Ga shi nan, ya taso daga aiki."

Babansu ya rasu Mai Fenti bai kai shiga makaranta ba, bai bar hoto ba, kuma Mai Fenti bai riƙe komai na kamanninsa ba. Ya karɓi takardar ya duba zanen da ya yi da hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Ya tambayi Yaya ko haka Baba yake tafiya. Yaya ya ce haka mana, wa bai san tafiyar Baba ba, ya karɓe takardar ya ninke ya sa a aljihu tare da sukundireba. Mai Fenti ya yi murna da ganin ɗan'uwansa da rai, ya kuma ji baƙin cikin da bai san yana ɗauke da shi ba, duka a tsaye a ƙofar shagon mutane. Ya ɗan koma gefe, sa'an nan ya dawo ya yi wa mai shago godiya.

Yaya yana gida yanzu, an sa wa ƙofa sakata a sama. Hankalinsa bai dawo ba, likita kuma bai ce zai dawo ba. Mai Fenti yakan biya kowace yamma ya zauna da shi. Yaya bai san ƙanensa ne ba. In ya shigo sai ya ce wa 'yarsa ta kawo ruwa, ga mutumin da ya kawo Baba.

Kai ne, Mai Fenti, wanda aka san shi da gwaninta, ya gano da furfura a kansa cewa abu ɗaya ya iya, bai ɓoye ba, ya zauna a bainar jama'a yana zana ƙafar da yara za su yi wa dariya. Kai ne ka jure tsiyar kwandastoci da shirun 'yar ɗan'uwanka, alhali ba ka da tabbacin cewa abin zai kai ka ko'ina. Kuma da ka samu abin da ka fita nema ba ka koma gida ka rufe ƙofa ba, ka dawo benci, inda matar tela da mai gadin makaranta suka same ka. Ba ka da lambar yabo, ba a sa sunanka a jikin komai ba, ko allunan da ka rubuta sunayen wasu ne a kai.

Mun gode, Mai Fenti. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sassauta wa gwiwarka, ya ba Yaya sauƙi. Masu sana'a da hannunsu ya saba har ya daina tambayarsu, ga wanda za su duba. Sauranmu kuma ba sai mun sayi fensir ba. Wanda yake da tsoho a gida, gobe in ya tashi zai fita, ya ajiye abin da ke hannunsa ya bi shi da kallo har ya sha kwana, ya ga wace kafaɗa ce ta fi sauka, ya ga inda yake ajiye hannayensa. Wata rana za a tambaye shi, ko kuma ya tambayi kansa.